Ba kowane harbi ne na yaƙi ba

Jama'a, jiya a hostel na kunna bidiyon gasar harbi da bindigar iska, sai abokina ya ce, "Malam, kashe mana, wanda muka ji a 2014 ya ishe mu." Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya bar Mubi a ƙafa a shekarar nan ba ya son jin ko sunan bindiga.

Amma wallahi wannan wasan natsuwa ne. Tazarar mita 10, harbi 60, tsakiyar abin saitin kuwa ɗigo ne rabin milimita. Numfashinka kaɗai sai ya ɓata maka maki. Da shi Abhinav Bindra ya ciyo wa Indiya zinare a Beijin a 2008.

Ni a Digil danƙo gare ni, da gwangwanin madara a bayan gida. Sai in kuskure sau goma, har in ji kamar in wurgar da danƙon don haushi. Na sha ɗaya ya ce ƙwal, duk takaicin ya wuce!

A ganina makarantunmu su buɗe kulob, da koci da izinin hukuma. Muna da masu saiti. Sai yaushe tsoro zai sake mu?