Tsoron tuƙi bayan haɗari: Majinyatan da ba a ƙidaya su

A duk shekara Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, takan fitar da alƙaluman ɓarnar da aka yi a kan hanyoyinmu. A shekarar 2023 ta ce mutum 5,081 ne suka rasa rayukansu, a 2024 kuma adadin ya kai 5,421, ban da sama da mutum dubu 30 da suka jikkata a kowace daga cikin shekarun biyu. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma, domin kowa ya san akwai haɗurran da ake yi a ƙauyuka, a yi jana'iza kafin la'asar ba tare da wani jami'i ya rubuta komai ba. To amma akwai wani rukuni na uku da ba ya shiga kowane lissafi, kuma a kansu nake so mu yi nazari a yau. Su ne mutanen da suka fito daga cikin mota da ƙafafunsu, ko aka sallame su daga asibiti bayan karaya ta ɗinke, amma daga ranar ba su sake riƙe sitiyari da kwanciyar hankali ba.

Mai karatu, idan ka duba ofishinku ko zuri'arku da kyau, da wuya ka rasa ɗaya daga cikinsu. Akwai ma'aikacin bankin da ya ɗauki direba ba zato ba tsammani, yana cewa aiki ne ya yi masa yawa. Akwai malamar jami'ar da motarta ta shekara a lulluɓe a gida tana hawa Adaidaita Sahu, ana zaton tsadar fetur ce. Akwai ɗan kasuwar da ya daina zuwa zumunci garinsu sai ranar da ya sami mai tuƙa shi. Ni kaina na san wani babban ma'aikaci da ya ƙi karɓar ƙarin girma saboda sabon muƙamin zai sa ya riƙa zirga-zirga tsakanin Kaduna da Abuja, kuma har yau abokan aikinsa sun ɗauka son zama kusa da iyali ne ya hana shi. Dukkansu sun ɓoye gaskiyar lamarin, domin a al'adarmu abin kunya ne babban mutum, musamman namiji, ya buɗe baki ya ce yana tsoron mota.

Hausawa sun daɗe da gane wannan hali, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa suka ƙara a kai shi ne bayanin yadda abin ke faruwa. A lokacin haɗari ƙwaƙwalwa takan naɗe duk abin da ke kewaye da mutum, kamar ƙarar birki da ƙaurin taya da hasken fitilar tirela da irin kwanar da abin ya auku, ta ajiye su a matsayin alamun mutuwa. Daga baya duk sa'ad da ɗaya daga cikinsu ya gifta, jiki sai ya ɗauka haɗarin ne ya dawo. Gaba ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi ya sarƙe, ƙafa ta kai wa birki cafka ba gaira ba dalili. Wani ko a kujerar fasinja yake sai ka ga yana taka birkin da babu shi. Wani kuma barci ke ƙaurace masa, ko ya riƙa mafarkin abin, ko ya zama mai saurin fushi a gida har iyali su rasa gane kansa.

A makonnin farko wannan ba abin tayar da hankali ba ne, kuma mafi yawan mutane sukan warware da kansu. Amma idan aka wuce wata guda alamun ba su sassauta ba, har suna hana mutum aikinsa da hulɗarsa da jama'a, to an shiga abin da likitoci ke kira PTSD a taƙaice, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Tun 1980 aka shigar da shi cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa a Amurka, bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam, daga baya kuma aka tabbatar cewa haɗarin mota na daga cikin manyan abubuwan da ke jawo shi ga farar hula. Ciwo ne da aka san shi, aka kuma san maganinsa.

Sai dai kuma yadda muke tarbar mai wannan lalura shi ke ƙara dagula ta. Idan ya yi ƙarfin hali ya faɗa, amsar farko da zai ji ita ce, “Haba Alhaji, ina tawakkalinka? Ai abin da Allah Ya rubuta ba makawa.” Maganar gaskiya ce, amma an ajiye ta inda ba muhallinta ba. Babu mai ce wa wanda ya karye a cinya ya tashi ya yi gudu don ya nuna ya yarda da ƙaddara. Bugun zuciyar da ke kama mutum a bakin shataletale aikin jijiyoyi ne, ba shawara yake yi da shi ba, kuma malamanmu ba su taɓa cewa neman magani ya saɓa wa dogaro ga Allah ba. Wanda aka tuhumi imaninsa saboda ciwonsa, abin da zai koya kawai shi ne ya yi shiru, kuma shirun nan shi ne abincin cutar.

Dalili kuwa shi ne, duk ranar da mutum ya ɗauki makulli gabansa ya faɗi, ya ajiye ya kira mai Adaidaita, zai ji wani sanyi a ransa. Wannan sanyin shi ne tarkon. Ƙwaƙwalwa takan fassara shi da cewa gudun da aka yi ne ya ceci rai, don haka gobe tsoron zai dawo da ƙarfin da ya fi na yau. Da haka wanda ya fara da ƙin tuƙin dare zai koma ƙin babbar hanya, daga nan ya ƙi cikin gari, har duniyarsa ta tsuke ta zama daga gida sai masallacin unguwa.

Hanyar da masana suka fi amincewa da ita ita ce komawa sannu a hankali, mataki bayan mataki. Da farko mutum ya tabbatar likita ya duba shi, musamman idan kansa ya bugu, domin jiri da ɗaukewar hankali na iya zama daga rauni ne a ka. Sannan ya fara da zama cikin motar tana tsaye a ƙofar gida, har sai ya ji faɗuwar gaban ta ragu. Wata rana ya tayar da injin. Bayan kwanaki ya zagaya layinsu da sassafe, lokacin da hanya ba kowa, tare da wani wanda ya amince da shi, mai haƙuri da ƙarancin surutu. Daga nan ya ƙara nisa zuwa kasuwa ko makarantar yara, sai cunkoson cikin gari, sai babbar hanya, daga ƙarshe kuma ya bi ta wurin da abin ya faru. Sharaɗin kowane mataki shi ne kada a bar shi alhali tsoro na kan ganiyarsa. Idan abin ya taso, a sami gefen hanya mai aminci a tsaya, a ja numfashi a hankali a sake shi a hankali, a jira ya lafa, sannan a ci gaba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda kuma abin ya fi ƙarfinsa, akwai magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, inda ake bin tunanin da ya maƙale ana warware shi, kuma sau da yawa zaman makonni ne, ba na shekaru ba.

Abin da ya kamata a guje shi ne neman mafaka a kantin magani. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a riƙa bai wa wanda ya fito daga tashin hankali ƙwayoyin sa barci irin su diyazefam don rage firgici, domin ba sa warkarwa, suna kuma iya kama jiki. Ga mai tuƙi kuwa haɗarinsu biyu ne, tunda suna rage kuzarin da zai taka birki a kan lokaci.

A nan ne hankalina ya fi tashi, domin duk abin da na zayyana a sama na mai hali ne. Ma'aikacin gwamnati na iya ajiye mota wata uku albashinsa na shiga. Direban haya fa? Mutumin da ya ga fasinjojinsa a kwance a bakin kwalta ranar Talata, ranar Asabar yana tasha yana lodi, domin mai mota na jiran balas, yara kuma na jiran cefane. Ba shi da damar komawa mataki-mataki, kuma ba zai iya faɗa wa kowa ba don kada a ƙwace makullin. Ba abin mamaki ba ne wani ya nemi dakewar zuciya a wurin masu sayar da tiramadol a bayan tasha. Mu da muke zaune a bayansa mutum goma sha takwas, rayukanmu na hannun wanda bai yi barcin kirki ba tun ranar da abin ya same shi. Saboda haka wannan magana ta wuce lafiyar mutum ɗaya, ta shiga batun tsaron hanya kai tsaye.

Wajibi ne kuma a yi wa masu wannan tsoro adalci. A ƙasashen da aka tsara waɗannan hanyoyin jinya, likita na iya ce wa majinyaci hanya lafiya lau take, tunaninsa ne ke zuzuta haɗarin. A nan wa zai iya faɗin haka da gaskiya? A watan Oktoban 2024 tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka halaka. A Janairun 2025 aka sake ganin irin haka a mahaɗar Dikko da ke Jihar Neja. A ƙarshen watan Mayun 2025 motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gadar Ciromawa a hanyar Zariya, sama da mutum 20 suka rasu ana dab da isowa gida. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka ba da kwangilar sake gina ta tun ƙarshen 2017, ta ɗauki shekaru ana cusa masu tafiya da masu dawowa a hannu ɗaya, ga fargabar masu garkuwa da mutane a kai. Waɗanda suka koma jirgin ƙasa don tsira, harin watan Maris na 2022 ya nuna musu can ma ba tudun mun tsira ba ne. Wani kaso na tsoron nan hankali ne tsagwaronsa. Aikin jinya shi ne ta raba tsoron da ke sa mutum ɗaura bel da duba taya da ƙin tafiyar dare, daga tsoron da ke ɗaure shi a gida. Aikin gwamnati kuma shi ne ta rage dalilan da ke sa na farkon ya rikiɗe ya zama na biyu.

Ta fuskar doka an ɗan motsa. A Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Muna da asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri da Dawanau ta Kano, akwai kuma sassan wannan fanni a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Amma likitocin fannin 'yan ɗaruruwa ne kacal a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wasunsu ma na ficewa waje. Ga kuma ƙyamar da ke tattare da sunayen wuraren, domin mutumin da zai je asibitin ƙashi da rana tsaka ba zai yarda a ga motarsa a Dawanau ba.

A nawa ra'ayin, gyaran bai buƙaci sabuwar hukuma ko sabon gini ba. Na farko, duk asibitin da ke karɓar waɗanda suka yi haɗari ya sa a cikin ƙa'idar sallama cewa bayan wata guda, idan majinyaci ya dawo a duba ɗinki ko karaya, a tambaye shi barcinsa da yadda yake ji idan ya shiga mota. Ma'aikaciyar jinya da aka horar na kwanaki kaɗan za ta iya wannan, ta tura wanda ya kamata gaba. Na biyu, FRSC da ƙungiyar direbobi ta NURTW su amince cewa direban hayar da ya yi mummunan haɗari zai huta na wani lokaci, a tallafa masa daga kuɗin da ake karɓa kullum a tasha, a kuma duba shi kafin ya koma layi. Na uku, tunda an ɗaga kuɗin inshorar dole ta ƙananan motoci daga Naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ya dace a tambayi kamfanonin inshora me ya hana jinyar firgici shiga cikin abin da suke biya. Na huɗu, ma'aikatu da bankuna su daina tura wanda bai daɗe da tsira ba doguwar tafiya da sunan aiki, sai ya ce ya shirya. Malamai da limamai kuma su taimaka da kalma ɗaya a kan mumbari, cewa wannan ciwo ne kamar kowane ciwo.

Mu kuma 'yan uwa da abokai, idan mun je yi wa mutum barka da arziki, kada ziyarar ta ƙare a ranar da aka kwance bandeji. Bayan wata ɗaya a koma, a tambaye shi a keɓe ko ya fara tuƙi, in bai fara ba a ce masa, “Yaya, gobe bayan asuba zan zo mu ɗan zagaya unguwa tare.” Wannan tayin ya fi dogon wa'azi amfani a gare shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba majinyatanmu lafiya ta zahiri da ta baɗini, Ya kuma kiyaye mana hanya.