ƊAN DA YA BALAGA DA TAKARDAR MOTAR UBANSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk mai bin hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Rimin Gado da ƙasar Kabo zuwa Gwarzo har Dayi ya san yadda samari ke sheƙa gudu da motocin iyayensu, musamman ranar ɗaurin aure da lokutan sallah. Idan aka tambayi saurayi takarda sai ya ce ai ta Baba tana cikin mota, alhali kuwa shi ko lasin tuƙi ba shi da shi.

Tun shekarar 1945 aka kafa doka a Nijeriya cewa kowace mota sai da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. A watan Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, abin da ake biya na ɓarnar dukiya kuma ya kai Naira miliyan 3. Amma wannan takarda tana da sharaɗi: mai tuƙi ya kasance da izinin mai mota da kuma lasin ingantacce, wanda ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka uban da ya miƙa makulli ga ɗa marar lasin ya saɓa wa sharaɗin da ya amince da shi, kuma ya jefa rayukan bayin Allah cikin haɗari.

Wasu za su ce ai malamai sun haramta inshora. Gaskiya ne Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda garari, amma a wannan zama ne kuma ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. An fara ta a Sudan a 1979, hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma akwai kamfanoninta a ƙasar nan. To, uzuri ya yanke ke nan. Sayen takardar jabu a bakin titi kuwa ha'inci ne a kan ha'inci.

Abin da ya fi wannan girma shi ne hukuncin jini. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta abu biyu a kan kisan kuskure: diyya da kaffara. Diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, kuma dangin mai kisa na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗa ta. Amma kaffara, 'yanta wuya ko azumin wata biyu a jere, tana kan wanda ya riƙe sitiyari shi kaɗai. Babu uban da zai yi masa azumin, babu kamfanin da zai ɗauke masa shi. Tun ranar da yaro ya balaga alƙalami ya hau kansa, ko da yana ci yana sha a gidan ubansa.

Don haka muna kira ga iyaye a Gwarzo da Getso da Kabo da Garo, kada su ba ɗa mota sai ya koyi tuƙi ya mallaki lasin. Saurayin da ya fara samun na kansa kuwa, ya ji kunyar fakewa da sunan tsohonsa. In ya sayi mota ko babur, ya yi takardunsa da sunansa da guminsa. Limamai kuma su taɓo wannan batu a huɗuba, domin jinin Musulmi ba abin wasa ba ne.

Allah Ya kiyaye mu da zuriyarmu, Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.