Sharhi: Ɗalibar jinya da haruffa ke yi wa gardama

Sharhinmu na yau a kan ɗaliban aikin jinya ne masu fama da disleksiya, wato wahalar karatu da rubutu wadda ba ciwon ido ba ce, ba kuma ƙarancin basira ba. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma karatu ya gagare shi. Ƙungiyar masu disleksiya ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin 10 a ƙasar yana da ita. Ke nan ko a ajin jinya ba a rasa su.

A aji da ɗan dama-dama, sai an shiga asibiti. Lokacin miƙa aiki, nas mai tashi tana jero bayanin marasa lafiya ba tsayawa, ɗaliba kuwa hannunta bai cim ma kunnenta ba. Ga rubutun likita, ga sunayen magunguna masu kama da juna. Hydralazine na hawan jini ne, hydroxyzine na ƙaiƙayi, kuma ko wanda karatu ba ya ba shi wahala yakan ruɗe da su.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓoyewa. Yarinyar da aka kira daƙiƙiya tun firamare ba za ta tsaya gaban sista ta ce a maimaita mata ba. Sai ta yi shiru don gudun kora, ta ci gaba da zullumi ita kaɗai. Wata ma takan bar karatun, alhali tana da haƙurin zama da majinyaci da iya lallashinsa. Haɗarin yana cikin shirun nan, domin wadda ta san matsalarta kuma aka ba ta dama, takan duba magani sau biyu, ta tambayi abokiyar aiki kafin ta ɗaga allura.

A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa jami'o'i da asibitoci yin sassaucin da ya dace: ƙarin lokaci a jarrabawa, takardar miƙa aiki da aka buga da kwamfuta, manhajar da ke karanta rubutu a bayyane. Ba a rage komai daga ƙwarewar da ake nema ga nas, hanyar kaiwa ce ake gyarawa.

Najeriya ma tun 2019 tana da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Saboda haka muna kira ga shugabannin makarantun jinya da su horar da malamansu gane alamun disleksiya, su kuma tabbatar wa ɗalibai cewa faɗin matsalar ba zai jawo kora ba. Ku kuma iyaye, idan ɗiyarku tana da fahimta amma karatu yana ba ta wuya, ku nemi a duba ta kafin ku yanke mata hukunci.