Aikin Katako Ilmi Ne: Shawara ga Ɗaliban Mashi da Kewaye

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa babu gidan da ya wadata ga barin aikin masassaƙi da kafinta. Turmi da taɓarya, akushi da muciya, ƙotar fartanya, allon makaranta, gadon amarya da bencin aji, duk daga hannunsu suke fitowa. Duk da haka, ɗalibai da yawa suna ɗaukar wannan sana'a a matsayin mafakar wanda boko ya gagara. Wannan kuskure ne babba, domin aikin katako kimiyya ce da lissafi, kuma wanda ya haɗa karatun aji da horon shago shi ne zai ci moriyarta.

Garin Mashi, wanda ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, ya yi dace da Kwalejin Fasaha ta Gwamnati. Tun shekarar 1992 aka kafa hukumar NABTEB mai shirya jarrabawar makarantun fasaha, kuma takardar shaidarta tana buɗe ƙofar manyan makarantu irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Ke nan, riƙe zarto ba ya toshe wa yaro hanyar zurfafa karatu.

Darasin farko ga mai son sana'ar shi ne sanin cewa itace yana shan ruwa daga iska, yana kuma fitar da shi. Ɗanyen itace ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauko ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100. Daga nan sai ya riƙa raguwa ta faɗi da kauri, amma tsawonsa kusan ba ya canzawa. Mafi yawan katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazuzzukan Kudu ake kawo shi, inda iska ke da laima. Idan ya iso yankin Daura, hunturu ya busa, sai ya ci gaba da bushewa. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya tsukewa da fiye da rabin santimita. Wannan ne dalilin da ya sa teburin da aka haɗa da damina yakan tsage da rani, ƙofa kuma ta ƙi rufuwa a watan Agusta. Mai saye sai ya zargi kafinta da ha'inci, alhali sau da yawa rashin sani ne.

Ana iya gwada wannan a ɗakin kimiyya na kowace sakandare. A yanki guntun katako a auna nauyinsa, a busar da shi a wuri mai zafi har nauyin ya daina raguwa, a sake aunawa. Idan ya sauko daga giram 600 zuwa 500, ruwan da ya fita giram 100 ne; a raba shi da 500, a ninka da 100, sai a sami kashi 20. Irin wannan katako bai isa yin kayan ɗaki a Mashi ba tukuna. Maganinsa shi ne a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, a shafa fenti a bakunansa biyu, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita har tsaga ta fara.

Darasi na biyu shi ne awo. Ka'idar Fitagoras da ake haddacewa don jarrabawa ita ce ke daidaita kusurwa: idan gefe ɗaya 30 ne, ɗayan 40, to tsakanin ƙarshensu sai ya zama 50. Haka kuma, firam ɗin taga bai daidaita ba sai an auna shi daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarori biyu an ga tsawon ya zo ɗaya.

Na uku, kada ɗan makaranta ya raina tsofaffin masassaƙa, domin da tsohuwar zuma ake magani. Su ne suka san kirya ta fi ƙarko wajen turmi, marke ya dace da ƙota, aduwa tana yin allo mai kyau, azarar giginya kuwa gara ba ta cika cin ta ba. Ya kamata ya nemi maigida a lokacin hutu, ya fara da wasa gizago da kurfi, tunda makami marar kaifi ya fi saurin zamewa ya ji wa mutum ciwo. Ya soma da ƙananan abubuwa kamar kujera 'yar tsugunno da kantar littattafai kafin ya taɓa injin yanka, ya kuma riƙa rufe hanci saboda ƙurar katako tana cutar da huhu.

Wasu za su ce kujerun roba da ƙyamaren ƙarfe sun ƙwace kasuwa. Gaskiya ne sun rage ta. Sai dai rufin gida, da katakon zuba kankare, da kayan ɗakin amare, da gyaran bencinan makarantu, har yanzu sai da kafinta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai aikin da zai daɗe bai lalace ba, mai cika alkawari kuma.

Babbar barazana ita ce ƙarewar itatuwa. Saran madobiya don fitarwa zuwa ƙasar Sin ya yi muni har a shekarar 2017 aka sanya ta cikin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. A Maradi kuwa, tun daga 1983 manoma suka rungumi dabarar rainon tohon kututture a gonaki maimakon sare shi, kuma gawo da sauran itatuwa suka dawo da yawa. Manoman Mashi da ƙasarsu ke kama da ta can suna iya yin haka.

Saboda haka, ya dace malaman kimiyya da na aikin katako su haɗa darussansu, shugabannin makarantu kuma su daina tura raunanan ɗalibai kaɗai zuwa shago. Kowace makaranta ta keɓe fili ta dasa maɗaci da darbejiya, ta damƙa bayinsu ga ɗaliban da ke koyon sana'ar. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekarun sakandare su ne lokacin da hannu ya fi saurin koyo.