Maɓallin SOS na Motarka Ba Shi da Mai Amsawa a Hanyar Tambuwal

Akwai wani zance da ya kama bakin wasu dillalan motocin Beljiyam, wanda ya kamata a taka masa birki tun bai ci rai ba. Sukan nuna wa mai saye wani ɗan maɓalli kusa da madubin tsakiya, mai rubutun SOS, su ce idan aka yi hatsari motar da kanta take kiran agaji. Magidanci ya ƙara kuɗi, ya kwashi iyalinsa, ya kama hanyar Sakkwato zuwa Jega hankali kwance. A idon mai harhaɗa magunguna irina, wannan jabun magani ne: kwali mai kyau, ciki fayau.

Ita fasahar gaskiya ce a ƙasashen da aka yi ta dominsu. Kamfanin General Motors ya fito da OnStar a Amurka a 1996, Toyota ta biyo baya da Safety Connect a 2009. Tarayyar Turai kuwa ta wajabta wa sababbin samfuran motoci na'urar eCall daga 31 ga Maris 2018. Da zarar jakar iska ta fashe, na'urar za ta buga waya, ta aika da wurin da motar take, ma'aikaci ya yi magana da na ciki, sannan ya tura motar asibiti.

To amma maɓallin bakin sarƙa ne kawai. Bayansa akwai layin waya da ke cikin motar, da rajistar mai ita, da cibiyar amsa kira, da motar asibiti a kusa. OnStar da Safety Connect ba sa aiki a Nijeriya. Ranar da aka loda motar a jirgin ruwa, ranar ta rabu da masu amsa mata. Ko a Amurkar ma, da manyan kamfanonin waya suka rufe layin 3G a 2022, na'urorin tsofaffin motoci masu yawa sun yi shiru, kuma irin waɗannan motocin ne suka fi isowa gare mu.

Wani zai ce ai ba a yi asarar komai ba, ado ne. Asarar ita ce lokaci. Wanda ya yarda motarsa za ta kira masa agaji ba zai tanadi komai ba. Mai zubar jini kuma ba ya jira. Allurar tranexamic acid, wadda ke rage mutuwa daga zubar jini bayan rauni, amfaninta yana cikin awa 3 na farko, bayan haka tana iya cutarwa. Daga Tambuwal zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, daga ƙauyukan Kebbe kuwa ta fi haka. Duk mintin da aka ɓata ana danna maɓalli, daga cikin awa ukun nan aka cire shi.

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ka adana 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da 112 ta kiran gaggawa, a wayarka da ta uwargida. Ka haɗa da lambar wani direba amintacce da ta ma'aikacin lafiya na garinku. Kada ka tashi tafiya da waya ba caji. Ka ajiye bandeji, safar hannu da tsabtataccen ƙyalle a mota. Ka rubuta rukunin jinin kowa da magungunan da yake sha a kati, musamman mai shan warfarin ko asfirin, ko mai allurar insulin, domin wanda ya suma ba ya bayani.

Idan abin ya auku, a danne wurin da ke zubar jini da ƙarfi, kada a saki. Kada a fizgo mai rauni ta wuya. Kada a ɗura masa ruwa ko abinci, domin wataƙila tiyata ke jiransa. Kada a ba shi asfirin, ibuprofen ko diclofenac, suna iya ƙara zubar jini. A nufi asibiti mafi kusa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa bisa kowane dalili.

Direba kuma ya sani: wanda ya sha Piriton ko tramadol ya riƙe sitiyari ya jefa fasinjojinsa cikin hatsarin da babu na'urar da za ta kare su daga shi.

Ga masu sayar da mota, ku ji tsoron Allah, ku sayar da inji da taya, ku daina sayar da alkawarin da ba naku ba. Kai kuma mai saye, duk dillalin da ya nuna maka maɓallin nan, ka tambaye shi sunan ofishin da zai ɗaga kiran a Sakkwato. Idan ya kasa faɗa, kada ka ƙara masa ko kwabo. Allah Ya kai mu gida lafiya.