Wayar Alfarma a Ma'aunin Jega da Aliero

Samsung Galaxy S24 Ultra, wadda ta fito a watan Janairun 2024, ta tara duk abin da ake nema a wayar alfarma: gefuna na ƙarfen titaniyom, fuska mai inci 6.8, alƙalamin rubutu a cikin jikinta, da babbar kyamara mai megafiksel 200. A Jega da Aliero da Maiyama kuwa, aikin da waya ke yi a kasuwa shi ke yanke mata daraja. Dillalin albasa a Aliero yana son kyamarar da za ta nuna jan albasa da bushewar ɓawonta yadda suke, domin mai saye a kudu ta WhatsApp yake duba kaya kafin ya turo kuɗi. Bayan kyamara sai batir, tunda wutar lantarki ba ta da tabbas. Batirin S24 Ultra mai ƙarfin mAh 5000 yakan kai mutum dare ba tare da ya nemi shagon caji ba. Rufin jikinta yana hana ƙura shiga, abin da ke da amfani sosai lokacin hunturu. Duk da haka, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya fi rinjaye a aljihun jama'a, saboda ya daidaita kyamarorinsa su fito da fuskar baƙar fata, ya sa gurbin layi biyu, ya kuma sauƙaƙa farashi. A 2023 ya shiga sahun manya da Phantom V Fold mai naɗewa kamar littafi.