Yaron da ke ƙera jirgin yaƙi da gwangwani: kada mu hana shi, mu ba shi tef ɗin awo



Makon jiya bayan La'asar na tarar da mutane sun yi cincirindo a ƙofar wani shagon kafinta a unguwarmu. Da na leƙa sai na ga wani yaro da bai wuce shekara 16 ba ya ɗora jirgin sama a kan benci, faɗin fikafikansa ya kusa kai gaba guda. Da gwangwanin madara da kwali da waya ya haɗa shi. Ya ce jirgin jefa bam ne na yaƙin duniya na biyu, a wayar yayansa ya gan shi.

Samari na ta ɗaukar hoto suna cewa wannan yaro sai Turai. Wani dattijo ya ce masa, "Kai ɗan nan, ka rasa abin ƙerawa sai abin kashe mutane?" Mahaifinsa kuma ya ce da lokacin nan ya je ya taya shi tsaron shago da ya fi.

Ni tambaya ɗaya na yi masa: "Ƙanena, sau nawa ka rage girman jirgin na gaske?" Ya yi shiru. Muka ari tef ɗin kafinta muka gwada, sai ga fiffiken dama ya ɗara na hagu da yatsa biyu.

Ra'ayina shi ne masu yabon da masu faɗan duk sun bar yaron a inda yake. Yana da hannu, yana da haƙuri. Abin da ya rasa awo ne, kuma wannan muna iya ba shi.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da wannan ne abin sha'awarsu, har manya masu furfura. Yawancinsu suna sayen samfurin roba ne a kwali su harhaɗa. Amma waɗanda ake jinjina wa a cikinsu su ne masu ƙerawa daga tushe, wato ba su sayi komai a shirye ba, da zanen jirgin kawai suka fara. Farkon aikinsu zaɓen ma'auni. Idan aka ce 1/12, ana nufin duk santimita 12 a jikin jirgin gaske ta koma santimita 1 a jikin samfurin. Daga hanci har jela, har tayar ƙasa da kujerar matuƙi, babu abin da zai tsallake wannan rabon.

Bari in kawo jirgin da nake ganin ya fi dacewa da yaranmu, wato Bristol Blenheim na Ingila. Ya shiga aikin sojan sama a 1937, yana da inji biyu, mutum uku ke cikinsa. Dalilin zaɓensa shi ne ya ratsa ƙasarmu. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai suka riƙa kawo jiragen sama a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Legas, su wuce Kano, su bi ta Maiduguri, su shiga Sudan ta El Fasher zuwa Khartoum, sannan su gangara Masar. An fara wannan a watan Satumba na 1940, kuma sama da jirage 5,000 suka bi hanyar kafin ƙarshen 1943. Sau da yawa Blenheim ne ke gaba yana yi wa ƙananan jiragen Hurricane jagora, saboda shi ke ɗauke da mai duba taswira. Ke nan kakanninmu a Kano da Borno sun ɗaga kai sun ga wannan jirgi da idonsu.

To, a zo ga lissafi. Faɗin fikafikan Blenheim mita 17.17 ne. A ma'aunin 1/12 ya zama santimita 143. Tsawon samfurin farko, Mk I, kimanin mita 12.1, a kan benci ya zama santimita 101. Yaro ya riga ya yi rabawa sau biyu bai ji zafinta ba, kuma zai yi ta sau ɗaruruwa kafin ya gama. Kuskuren santimita 1 a wurinsa daidai yake da santimita 12 a jirgin gaske, don haka dole ya koyi auna sau biyu kafin ya yanka.

Gangar jikin ba a dunƙule ake yin ta ba. Ana yanka haƙarƙari ne daga siririn katako, kowanne da siffarsa, a jera su a kan sanda miƙaƙƙiya kamar ƙashin baya, sannan a lulluɓe da siraran katako ko gwangwanin da aka buɗe aka daddale. Inda aka sami rami a cike da filar masu gyaran jikin mota, a goge da sanfefa. Samfuri mai wannan girma yana buƙatar sanda mai ƙarfi da za ta ratsa fikafikan biyu, in ba haka ba nauyin injinan zai sa su sunkuya bayan 'yan watanni. Kowane inji tukunya tara gare shi a jere kamar zobe, wato 18 ke nan da dole su zo iri ɗaya. Mai wayo guda ɗaya zai sassaƙa da kyau, ya yi mata mazubi, ya zuba sauran. Gilashin kuwa robar kwalbar lemo ta isa: a sassaƙa siffar da katako, a ɗumama robar, a ja ta a kai har ta kwanta.

Ku duba sana'o'in da suka taru a nan: kafinta, gyaran jikin mota, zubi irin na masu tukwanen alminiyom, fenti, da karatun zane. Wanda ya iya karanta zanen jirgi ya fitar da shi daidai, zanen ƙofa ko rufin gida ba zai gagare shi ba. Wannan ita ce amsata ga mahaifin yaron.

Akwai mataki na gaba, wato juya samfuri daga wani nau'i zuwa wani. Blenheim Mk I gajeren hanci gare shi, duk gilashi. Da aka ga mai duba taswira a matse yake, sai aka fito da Mk IV mai dogon hanci, wanda ya ƙara tsawon jirgin da kusan santimita 90. A kan benci kimanin santimita 7 ke nan. Sai dai ba ƙari kawai za a yi ba. An rarake saman sabon hancin ta gefen hagu domin matuƙi ya ga gabansa idan zai sauka, saboda haka gefe biyun ba su yi daidai ba. Wanda ya yi da ka zai daidaita su ya ga sun yi kyau, alhali ya yi kuskure. Wanda ya nemo hotuna ta gaba da ta sama da ta gefe shi zai gano. A nan yaro ke koyon cewa abin da ya yi maka kyau a ido daban, abin da yake gaskiya daban. Kuma sai ya yi ƙarfin halin sa zarto a hancin da ya sha wahala a kansa.

Irin wannan juyi an yi shi har a jirgin gaske. Blenheim ɗaya tak ya rage mai tashi a duniya, yana Duxford a Ingila. Asalinsa mai dogon hanci ne ƙirar Kanada. Ya yi hatsari a 2003, masu gyara suka ɗauki shekara 11 suna aiki, suka sa masa gajeren hancin Mk I, ya sake tashi a 2014. Shi wannan hancin wani ma'aikacin kamfanin ne ya saye shi bayan yaƙi ya mai da shi ƙaramar mota mai batir, da haka ya tsira daga 'yan gwangwan. Ashe dabarar mai da tarkace abin amfani ba mu kaɗai ke da ita ba.

Saura maganar dattijon, kuma ba zan raina ta ba. Mu da muka ji abin da ya faru a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023 mun san abin da bam daga sama ke yi wa talaka. Jirgin jefa bam ba abin ado ba ne. Amma hana yaro ƙera shi ba zai sa ya daina ganinsa a fim da wasannin waya ba, inda ake nuna shi babu jini babu gawa. Wanda ya zauna ya bi tarihin jirgin shi zai san ɗaya gefen. Zai karanta cewa ranar 17 ga Mayu 1940 Blenheim 12 na runduna ɗaya suka tashi kai hari a Beljiyam, guda ɗaya ya dawo. Zai sassaƙa kujeru uku ya san samari ne suka zauna a kai, akasari ba su girme shi da yawa ba. Sharaɗina dai shi ne duk wanda ya ƙera ya rubuta takarda ya ajiye kusa da shi: sunan jirgin, ma'auninsa, inda ya yi aiki, da abin da ya jawo wa na ciki da na ƙasa. Idan dattijo ya karanta wannan, ina jin zai sassauta.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Kafintocinmu da masu gyaran jikin mota su ba irin waɗannan yara gefen benci da ragowar katako ranar da aiki ya yi sauƙi. Ɗalibanmu na jami'a da kwalejin fasaha su zauna da su awa ɗaya su nuna musu rabon ma'auni. Masu shagon buga takardu su fitar musu da zanen a babbar takarda. Iyaye su sa ƙa'ida, makaranta da Islamiyya da aikin gida tukuna, sannan jirgi. Mu kuma masu ɗora hoto a Facebook mu rage cewa yaro ya ƙera jirgi gwamnati ta zo ta ɗauke shi. Yabon da ya wuce kima yana sa yaro ya ɗauka ya gama, alhali yanzu ya fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na saya wa yaron tef da rula da fensir, na ce ya kwance fiffiken daman ya sake. Ya ɓata rai, amma jiya na wuce na gan shi durƙushe yana ja wa kwali layi.

Idan akwai mai irin wannan yaro a gidansa, ko mai sana'ar da zai iya ba da benci, ya yi magana a nan mu haɗa su. Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu zaman lafiya.